Kabarin Farko a Tilmarsh

Malam Mamman Gwaram ya rasu da hantsin wata Talata cikin Nuwamba, a wani asibiti da ke kudancin London, bayan ya jima yana fama da ciwon huhu. Ya fi shekara talatin yana karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Matarsa, Hajiya Zubaida, ita ta rufe masa ido. 'Yarsu Amal, wadda likita ce a wani asibitin daban, ta iso ne bayan an riga an ja masa mayafi.

Babu wanda ya tambayi inda za a binne shi, domin kowa ya sani. Shekarunsa na ƙarshe ya ƙarar da su ne wajen nema wa Musulmin unguwarsu ta Thamesmead da kewaye maƙabarta tasu, saboda na kusa sun cika, sauran kuma sun yi nisa. Shi ya gano filin, shi ya yi ta zirga-zirga tsakanin council, wato ƙaramar hukumar yankin, da masallatai har aka haɗa hannu aka mallaki wani yanki. An kewaye shi da waya, an fitar da alƙibla, izini ya fito. Ba a kai ga binne kowa ba tukuna. Da jikin nasa ya yi tsanani, ya janye robar numfashi daga bakinsa ya ce wa Zubaida da alama shi zai buɗe wurin. Ta ce ya daina irin wannan magana. Ya ce to, amma dai a kai shi Tilmarsh.

Tilmarsh tsohon filin jiragen yaƙi ne, can bayan gari, inda gidaje ke ƙarewa fadama ta fara, dab da kogi. Sau ɗaya Zubaida ta taɓa zuwa, shi ya kai ta. Ta ga doguwar shimfiɗar kankare da ta tsattsage, ciyawa ta fito ta kowace tsaga. Ta ga hasumiyar da a da ake ba jirage umarni daga cikinta, babu taga babu ƙyaure, an fesa mata fenti ko'ina. Ga tsofaffin katifu da firji da tayoyi da mutane ke zuwa su jibge. Iska na kaɗawa babu abin da ke tare ta.

Ita ba ta ga abin so a wurin ba, amma shi ya yi ta ba ta labari da muryar nan tasa ta rediyo. Ya ce da gona ce ta kabeji da sha'ir. Da yaƙin duniya na biyu ya kunno kai, gwamnati ta karɓe, aka tashi manomin, aka kawo ƙananan jirage masu tare na Jamus kafin su shiga London. Samari ne ke tuƙa su, wasunsu ko gemu ba su fara ba, kuma da yawa sun tashi daga nan ba su dawo ba. Wata ranar Lahadi cikin 1940, da tsakar rana, jiragen Jamus suka biyo kogi ƙasa-ƙasa suka yi wa filin ruwan bama-bamai. Ma'aikata suka ruga ramukan ɓuya, bam ya faɗa kan ɗaya daga cikinsu. Washegari aka cike ramuka, jirage suka ci gaba da tashi. Bayan yaƙi an zuba 'yan gudun hijira a bukkokin sojan, daga baya aka mai da rumfunan jiragen ma'ajiyar hatsi, sannan aka yi tseren motoci, sannan kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi. Daga nan sai aka bar wa ciyawa.

Ranar Laraba flat ɗin Zubaida ya cika da mata masu gaisuwa. An shimfiɗa tabarmi har cikin corridor, takalma sun taru a bakin ƙofa. An sa jana'iza bayan azahar. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Alhaji Lawal, aminin marigayin kuma shugaban kwamitin maƙabartar, ya aiko a kira ta. Ta same shi tsaye a kicin tare da wani dogon mutum mai rigar aiki ruwan lemo, takalmansa duk taɓo. Jang ne, mutumin Jos, Kirista, mai tuƙa motar haƙa. Mamman ne ya samo shi tun lokacin da ake share filin, kuma Jang ɗin da kansa ya nemi a bar shi ya haƙa kabarin.

"Hajiya, ki yi haƙuri da abin da za ki ji," in ji Alhaji Lawal. "Jang, faɗa mata."

Jang ya cire hularsa ya riƙe. "Mama, na fara tun da safe. Na kai kamar ƙugun mutum sai bakin motar ya bugi kwano, irin na rufi, duk ya yi tsatsa. Na sauka na duba da shebur. Sai na ga takalmi. Na ɗauka takalmi ne kawai, na ja shi. Akwai ƙashi a ciki, Mama. Ga kuma harsasai a gefe. Ban ƙara taɓa komai ba, na kira police."

Zubaida ta dafa bakin wurin wanke-wanke. "Ƙashin mutum?"

"Na mutum ne."

"Sun rufe wurin gaba ɗaya," in ji Alhaji Lawal. "An kira sojoji masu kwance bam. An yi cancel ɗin komai na yau. Na riga na yi magana da wata maƙabarta a arewacin gari, sun ce gobe da safe za su ba mu wuri."

"Har yaushe za su rufe?"

"Ba su faɗa ba."

"To mu jira su faɗa."

Alhaji Lawal ya dube ta. "Hajiya, gawa ba ta jira."

"Tilmarsh ya ce, Alhaji. A gabanka ma ya faɗa."

Daga nan ta koma cikin mata ta zauna a tabarmarta.

Aka wayi gari ba a binne shi ba, aka sake wayewa. Liman ya zo da kansa ya zauna daga bakin ƙofa ya yi mata nasiha cikin taushin murya, ya ce wasiyyar da za ta jinkirta suturta mamaci ba ta zama dole ba. Ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya. Daga gida waya ba ta tsaya ba. Yayan Mamman, dattijo mai kusan shekara tamanin, ya kira daga Gwaram yana tambaya ko gaskiya ne ƙanensa na kwance a cikin firji. Ya ce in ƙasar Turawa ta gagara, a sa shi a jirgi a kawo shi, su suna da ƙasa. Masu zuwa gaisuwa suka rasa abin da za su ce, tunda ba a yi jana'iza ba balle a yi addu'ar uku. Wasu sukan zauna kaɗan su tashi. Zubaida tana jin ƙus-ƙus ɗinsu a kan matakala.

Ita kanta ba ta iya bayyana dalilinta. Abin da ta sani shi ne shekaru ta yi tana ganinsa yana fita cikin sanyi da tari a ƙirjinsa, zuwa taron da ba kowa ke halarta ba, ana yi masa dariya a bayan ido cewa ya tsufa ya koma dillalin kaburbura. Ita ma ta sha yi masa gori. Yanzu kuma a ce a ɗauke shi a kai shi wani wurin, cikin mutanen da bai sani ba, filin nasa na nan kwance.

Ranar Asabar ta ce wa Amal ta ɗauko mota. Amal ta tuna mata tana takaba. Ta ce ta sani, da rana ne, kuma larura ce.

Sun tarar an zagaye yankin maƙabartar da igiyar 'yan sanda. An kafa farin tanti a kan ramin da Jang ya haƙa, mutane cikin fararen kaya na shiga suna fita. Can nesa sojoji biyu na tafiya a hankali da na'urar neman ƙarfe a hannu. Wani ɗan sanda ya ce musu ba a wucewa, bai kuma san ranar da za a buɗe ba.

Ba su kaɗai ba ne a bakin wayar. Akwai wata tsohuwar Baturiya a keken guragu, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo, wata mata baƙa tana riƙe da keken. Matar ce ta fara gaishe su. Ta ce sunanta Lovelyn, 'yar Najeriya ce daga kudu, ita ke kula da tsohuwar. Ta ce sunan tsohuwar Misis Garrod, ta haura shekara casa'in, kuma tun da labarin ya fito kullum sai an kawo ta nan.

Da tsohuwar ta ji ko wace ce Zubaida, ta miƙo hannu ta kama nata. Hannun sanyi ƙalau. Ta ce ta san Mamman. Ya sha zuwa gidanta da 'yar na'urarsa ta naɗar murya, ya zauna ya sha shayi yana yi mata tambayoyi a kan filin. Ta ce cikin duk masu zuwa shi kaɗai ne bai taɓa duba agogo ba.

Sai ta ba su nata labarin, Amal tana mai da wa Zubaida wuraren da muryar ta yi ƙasa. Tana 'yar shekara bakwai ranar harin. Yayanta Stanley, ɗan sha tara, shi ke zuba wa jirage mai. Ya fita da safe bai dawo ba. Bayan kwanaki aka kawo musu akwatin gawa a rufe, aka ce kada a buɗe. Mahaifinsu yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin zuwa coci, kuma da ya dawo gida ya ce wa uwarsu bai yi nauyin mutum ba. Daga ranar uwar ba ta taɓa zuwa kabarin ba. Nan take zuwa, bakin wayar filin, ta tsaya ta kalli ciki, har ta tsufa ta mutu.

"Sun ɗebi yawuna za su gwada da ƙasusuwan," in ji Misis Garrod. "Amma na san shi ne. Mijinki ya samo min shi."

A hanyar dawowa Amal ta tsayar da mota a gefen titi, ta kashe injin. Ta saba amsa wa uwarta da Turanci, amma wannan karon ta lalubo Hausarta.

"Umma, jiya na je na ga Baba."

"Yaya yake?"

"Ki zo ki gani da kanki. Ni ba zan iya faɗa miki ba."

Suka wuce wurin masu ajiyar gawa, wani ƙaramin gini a bayan masallaci. Mai kula da wurin ya jawo shi daga cikin sanyi ya buɗe fuskar, ya fita ya ba su wuri. An riga an yi masa wanka tun ranar Laraba, yana cikin likkafani. Zubaida ta daɗe tana kallo. Fuskar ta yi duhu, kumatun sun faɗa, leɓunan sun bushe sun janye har haƙora sun ɗan fito. Ta kai hannu goshinsa ta ji kamar ta taɓa tayil ɗin kicin. Mutumin da ko a lokacin zafi sai ya sa safa ya kwanta.

Ta mai da likkafanin da kanta. A waje ta ce wa Amal ta kira Alhaji Lawal.

Washegari aka binne shi a maƙabartar arewacin gari, can bayan babbar hanyar da ta kewaye London. Zubaida ba ta je ba, kamar yadda aka saba a gida. Tana zaune a tabarma aka fita da shi daga masallaci, tana nan zaune har maza suka dawo da yamma da jar laka a takalmansu. Alhaji Lawal ya ce an yi jama'a. Ya ce an sa shi tsakanin wani ɗan Somaliya da wani ɗan Bangaladash, wurin yana da tsabta. Ta ce Allah ya saka da alheri.

Hunturu ya shiga sosai. Tana takaba a cikin flat, labarin Tilmarsh yana iso mata guntu-guntu ta bakin Jang, wanda kan biyo da doya ko attaruhu daga kasuwar Lewisham ya ajiye a bakin ƙofa. Ashe kabarin ya faɗa ne daidai kan ɗaya daga cikin ramukan ɓuyar nan, wanda babu shi a taswirar da aka duba kafin a ba da izini. Sojoji sun tono harsasai masu yawa da wasu ƙananan bama-bamai, suka fasa su a tsakiyar fili, ƙarar ta kai har unguwa. Da aka gwada ƙasar kuma aka tarar man jirgi da wasu gubobi sun jiƙa ta har zuwa ruwan ƙasa. Aka dakatar da izinin binne mutane. Ba wanda ya ce har abada, ba kuma wanda ya sa rana.

Kwamitin ya yi taro biyu, na biyun ya watse da cacar baki. Wasu suka ce tun farko sun faɗa. Wani ya ce marigayi ya jawo mutane cikin abin da bai sani ba, maganar ta zagayo har kunnen Zubaida. Alhaji Lawal ya ajiye shugabancin, ya rage fita, hawan jininsa ya tashi. Jang ya ce kamfaninsu ya tura shi wani aikin a can gabas, ya ji daɗin hakan, domin har yanzu in bakin motar ya bugi wani abu a ƙasa sai gabansa ya faɗi.

Ta fita takaba da 'yan kwanaki Lovelyn ta kira ta. Sakamakon gwaji ya fito. Ba Stanley ba ne. Ƙasusuwan na namiji ne da ya kai shekara talatin ko fiye, kuma babu wani mai irin shekarunsa da aka rubuta ya ɓata a harin. Wataƙila lebura ne cikin waɗanda ake ɗauka a ƙofa su cike ramuka, wataƙila baƙo ne daga wata ƙasar. An yi cigiya, ba wanda ya fito. Za a binne shi a harabar cocin ƙauyen da ke kusa da filin, kuma Misis Garrod ta ce a tambayi matar Mamman ko za ta zo.

Ta je, ita da Amal. Jang ma ya zo cikin baƙar kwat da ta yi masa kaɗan. Ban da su akwai limamin cocin, da sojoji biyu, da wata mata daga council, da tsohuwar a kekenta. Akwatin ƙarami ne, soja ɗaya ya rungumo shi. Zubaida ta tsaya daga baya kusa da wata bishiya, hannuwanta cikin hijabi. Shi ne karo na farko a rayuwarta da ta ga ana sa mutum a ƙasa. Limamin ya karanta abin da zai karanta, inda ya kamata ya ambaci suna sai ya ce ɗan'uwanmu. Ba a daɗe ba aka gama.

Misis Garrod ta rame ƙwarai tun ganinsu na farko. Da Zubaida ta durƙusa gaban keken, tsohuwar ta ɗan jima kafin ta gane ta.

"Ba shi ba ne," ta ce.

"Na ji. Ki yi haƙuri."

"Ke nan yana can ciki har yanzu." Ta juya kai wajen filin, ana hango kan hasumiyar ta saman shinge. "Sun ce sun gama tono. Ba za su ƙara ba." Sannan ta ce, "Naki fa? Ina suka kai shi?"

Zubaida ta gaya mata.

"Da nisa," in ji tsohuwar. "Kina zuwa?"

"Ban taɓa zuwa ba."

Lovelyn ta gyara bargon, ta ce sanyi ya fara yawa, dole su tafi. Jang ya taimaka aka sa keken a mota.

Da suka shiga tasu motar Zubaida ta ce wa Amal ta kai ta wurin babanta. Amal ta duba waya ta ce hanya a cike take, da wuya su isa kafin a rufe. Zubaida ta ce su gwada. Suka shiga layin ramin da ya bi ta ƙarƙashin kogi, motoci na tafiya kamar ba sa so. Bayan sun fito suka tarar da hatsari a gaba, an rufe hannu ɗaya. Amal ta kunna rediyo ta sake kashewa.

Rana ta yi ƙasa suka isa. Ƙofar ƙarfen a rufe, an sa sarƙa, ɗakin mai gadi ba kowa. Zubaida ta fito ta tsaya jikin ƙarafan. Daga nan ba a ganin komai sai layuka na ƙananan alluna iri ɗaya, sun miƙe har gindin wani tudu.

"Ta ina yake?"

Amal ta leƙa, ta nuna hagu, sannan ta sauke hannun. "Ranar da na zo daga baya babu waɗannan layukan na gaba. Ina jin can ne, bayan famfon nan. Ban tabbata ba, Umma."

Zubaida ta fuskanci wajen famfon ta yi sallama ga mutanen kaburbura, ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a, ta haɗa da iyayensa da nata. Amal na tsaye a bayanta da makullin mota a hannu. Da ta shafa, ta tambaya ko akwai bas da ke zuwa nan daga Thamesmead. Amal ta ce sai an shiga jirgin ƙasa, a sauka, a hau bas biyu. Zubaida ta ce ta nuna mata hanyar in sun koma gida, ta buɗe mota ta shiga.